Na Bi Ruwan Farko da Tukunya a Cinya

Tun da na dawo ban sake ɗiban ruwa a rijiya cikin kwanciyar hankali ba. Wannan ta tare ni ta ce, "Rabi, wai har Kaita kinka kai?" Waccan ta ce, "Wai da tukunya wohi?" Har maigidana da ke ci-rani a Abijan ya bugo waya yana tambaya ko gaskiya ne matarsa ta bi hadari a mota. Bakina ya gaji. Tunda Allah ya sa na zauna lakkol, wato makarantar boko, har na iya riƙe alƙalami, ga shi nan a rubuce. Kowa ya karanta ko a karanta masa, a bar ni in yi aikina.

Mu maginan tukwane ne a wani ƙauye na ƙasar Azarori. Uwata, Inna, ita ta koya mini, ita ma uwarta ta koya mata. Bana hannunta ya soma rawa, idonta ya yi hazo, ta faɗa da bakinta cewa wannan ne gininta na ƙarshe. Duk rani tana zaune kan yumɓu, har ta cika ɗaki guda da tukwane da tuluna, da wata randa da ta kai mini ƙugu. Mun toya kaɗan a tsakiyar rani, sauran duka ɗanye ne, suna jiran babbar wuta a matoya, wato ramin da muke gasa su a bayan gari. Ɗanyar tukunya kuwa laka ce kawai. In damina ta zauna ba ta ga wuta ba, laima ta shige ta, ta tsage ko ta zube.

Ana saura kaɗan mu kunna wutar sai ruwan farko ya sauka. A garinmu gidan Sarkin Noma suna da al'ada tun kafin kakanninsu su kama salla. Sukan aje sabuwar tukunya a fili, nesa da indararo da inuwar itace, ta tari ruwan farko, da shi ake yayyafa wa irin hatsi kafin shuka. Yanzu da bisimilla ake yi, amma ba a bari ba. Ruwan bana ɗan kaɗan ya zo. Da aka leƙa tukunyar sai ga baƙi-baƙi yana yawo a kansa, wanda in ka shafa da yatsa ya bar maka zane kamar ka taɓa gindin tukunyar miya. Kafin azahar magana ta gama gari, kafin la'asar an yanke hukunci: hayaƙin matoyarmu ne ya ɓata sama, ba za a sake hura wuta a cikinta ba sai an ga hali.

Na je na durƙusa gaban Sarkin Noma na ce, "Baba, matoyag ga ta girme ni, ta girme ka. Don mi sai bana?"

Ya ce, "Ruwa da tsarki shika zowa daga Allah, ɗiyata. In ya ɓaci, nan kusa ya ɓaci. Wa ad da babban hayaƙi nan kusa in ba ku ba?"

Na koma gida raina a ɓace, na iske Inna zaune bakin ɗakin tukwanen. A nan dabara ta zo mini. An ce arewa da mu ruwa bai sauka ba tukuna. Yayar Sarkin Noma kuma, Iya Habsu, tana aure a wani ɗan ƙauye kan tudu a ƙasar Ibohamane, inda babu magina ko ɗaya, tukunya ma sai an sayo a kasuwa. In na aje sabuwar tukunya a can kamar yadda suke ajewa a nan, a gaban idon 'yar'uwarsa, ruwan da kansa zai ba da shaida. Na ɗauki ƙananan tukwane biyu da suka rage daga wutar rani, na naɗe su a zane, na hau kabu-kabu zuwa Madawa.

Madawa na sha zuwa, amma ban taɓa kallonta da idon wanda aka tuhuma ba sai ran nan. A tasha kamiyoyin albasa suna tsaye injinsu na aiki, suna fesa baƙin hayaƙin gazuwal a fuskar masu tuyar ƙosai. Bayan kasuwa mahauta suna babbakar kawunan awaki da tsohuwar taya. Gaba kaɗan bola tana ci, leda tana narkewa, warin har maƙogwaro. Na share fuskata da bakin mayafi, ya fito baƙi. Na duba dama da hagu, ban ga wanda aka hana wuta ba a garin nan.

Mai motar garin Buza, inda ake bi zuwa Kaita da Ibohamane, ya so ya ɗora tukwanena a sama tare da akuyoyi da buhunan albasa. Na ce ko ni za a ɗora a sama, su dai a cinyata za su zauna. Muka cushe kamar dabino a buhu, muka kama jar hanya. A bariyar bakin gari wani jandarma ya karɓi katunanmu, ya leƙo, ya ɗaga bakin zanena.

"Mi ke ciki?"

"Babu komi, ranka shi daɗe."

"Ina za ki da babu komi?"

"Ruwa za ni ɗebowa Ibohamane."

Ya dube ni, ya dubi direba, ya mayar mini da katina da hannu biyu, ya ce wa na kusa da ni su riƙe ni da kyau in mota ta tsaya. Mota duka ta kwashe da dariya, ni ban yi ba.

Muna gangarowa cikin duwatsun Buza na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, gabana ya faɗi. Ruwa ya riga ni, ya sauka tun jiya. Ga shi babu motar Kaita sai gobe. Wata mata da muka zauna tare, Saratu, ta ce in zo gidanta. Kirista ce, ta yi shekaru tana wanki a likitar mishan, wato asibiti, kafin bayanta ya hana ta. Ta ba ni buta da tabarma, ta nuna mini gabas ba tare da na tambaya ba. Da aka kawo shinkafa da wake da yaji, na kai hannu sai na ga duk gidan sun rufe ido sun sunkuya. Na tsaya da hannu a sama har suka ce amin. Mu a gida kalma ɗaya muke yi mu auka wa kwano, su sai abinci ya fara hucewa.

Da na ba ta labarina ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ni da zannuwan gado nika sanin wata. Da sanyi in na shanya da sahe, kahin azahar sun yi ɗigo-ɗigo baƙi, don hayaƙin gari ba shi tashi, nan ƙasa shika kwanciya. Da bazara su yi toka-toka. Amma in damina ta raba, ko kwana sunka yi bisa igiya, hwari tas za ki ishe su." Na ji kamar in rungume ta. Mace ta farko kenan da ta ji maganata ba ta ɗauke ni mai taɓin hankali ba.

Da safe na fito na iske ta ta yi mini alherin da ya kusa kashe ni. Su a can ba a barin sabuwar tukunya ta kwana a gida ba a dafa dussa a cikinta ba, wai don ta yi ƙarko. Mu ma ana yi, amma mai saye ke yi, ba wanda ke taɓa kayan magina. Ga tukunyata guda kan murhu, wuta na lasar ta, ta yi baƙi ƙirin har wuya. Saratu tana murmushi ta ce, "Na shirya miki guda, kawo ɗayar." Ashe jiya ta ji zancen ruwa da hayaƙi, ba ta gane cewa sabuntar tukunyar ita ce dukan shaidar ba. Allah ya sa ɗayar na tasa kai da ita na kwana. Hawaye ya cika mini ido, na haɗiye, na ce ta riƙe waccan kyauta. Ta yi ta ba ni haƙuri har tasha, ta cusa mini ƙuli-ƙuli a jaka.

Hanyar Kaita dutse ne kan dutse. A jikin tuddai an jera duwatsu layi-layi don tare ruwa, aka ce mata ne suka ɗauko su a ka shekarun baya. Motarmu ta kafe cikin yashin wata ƙorama, kowa ya sauka yana turi. Ni na tsaya gefe rungume da tukunya, wani tsoho ya ce ko jinjiri ne a ba shi ya riƙe mini. Na ce jinjiri in ya faɗi yana tashi, wannan ba ta tashi.

Kaita ta bushe ƙamas, zafi kamar a bakin matoya, na yi hamdala. Ina cin dambu a bakin tasha mai abincin ta ce ai akwai wani ma'aikaci, Mushe Idi (haka ake kiran 'yan boko da Faransanci), da ke auna ruwan sama a bayan wani ofis, in je in gan shi. Na same shi yana goge wani mazurari da tsumma, dogo ne siriri mai tabarau. Ya saurare ni har ƙarshe, ya nuna mini tsumman, shi ma baƙi.

Ya ce, "Hayaƙi ba shi ɓacewa, madam. Mai nauyi shi hwaɗi kusa, bisa tol ɗin rufi da ganye da kawunanmu. Marar nauyi iska ta ɗauke shi, shi yi kwanaki bisa. Duk rani babu abin da za ya wanke shi. Gab da damina iska ta juyo daga kudu, ta zo da na manyan garuruwa da na gonakin da anka ƙona can nesa, wuraren da ba ki taɓa jin sunansu ba. Ruwan hwarko shi ka share sama. In ya zo da yawa, dattin shi ɓace ciki ba a lura ba. In ya zo kaɗan kamar bana, sai ki gan shi ƙiri-ƙiri."

Na ce, "Ashe ba nawa ba na."

Ya ce, "Naki ma shina ciki."

"Wutata sau nawa ta a shekara?"

"Na sani, kaɗan ta. Amma kin tambaye ni, ba ni yi miki ƙarya."

Na yi masa godiya da baki kawai. Na zo neman wanda zai wanke ni tas, ya bar mini ɗigo. A kan babur zuwa Ibohamane na juya maganar, na ga ba ta rage ni da komai ba. Ban taɓa cewa wutata ba ta hayaƙi ba. Cewa na yi ba ni kaɗai ke da wuta a duniya ba.

Ƙauyen Iya Habsu gidaje ne kaɗan kan faffaɗan tudu, rabi Hausawa rabi Buzaye. Tsohuwa ce gajeruwa mai kaifin baki. Da na gaya mata abin da ya kawo ni ta ce, "Wa yac ce hakanan? Auta?" Sai da na yi tunani kafin na gane Sarkin Nomanmu mai farin gemu take nufi. Ta ce, "Tun shina yaro in ya yi tuntuɓe, ƙasa ad da laihi. Zamna, ɗiyata."

Na zauna, kuma zaman ya yi tsawo. Maƙwabtanta Buzaye suka riƙa kira na shan shayi. Maza a rufe har hanci, mata fuska a buɗe suna ba da umarni, na ce wannan gari an san abin da ake yi. Shayin ba a sha ɗaya a tashi, sai an zagayo har ya salance, da cuku mai tauri da na kusa barin haƙori a ciki. Wutarsu kuwa gawayi ne ɗan cikin tafin hannu. In akwai wurin da babu hayaƙi a ƙasar nan, to nan ne. Kullum da safe Iya Habsu da kanta take ɗora tukunyar kan wani shimfiɗaɗɗen dutse, nesa da kowane rufi, ta kife ta da faifai. Kullum hadari ya taso daga gabas, ya yi mana gwalo, ya wuce.

Ran nan maƙwabciyarmu ta gida ta bugo mini waya ta ce an yi yayyafi sau biyu, bangon ɗakin tukwanen ya fara jiƙa ta ƙasa, Inna ta kwashe tabarmarta da bargonta ta rufa musu, ita tana kwana a ƙasa. Na zauna bayan rumbu na yi kuka sosai. Na ji tsoron in dawo da gaskiya a hannu in iske laka a ɗaki. Na ce wa Iya Habsu gobe zan koma ko da ruwa ko babu. Ta ce, "In kin koma hannu wohi, Auta ya ci ki har abada. Ƙara haƙuri."

Washegari bayan azahar gabas ta yi baƙi, iska ta taso. Muka ruga kan dutsen, ta danne faifan da hannu har iskar ta wuce da tarkacenta, don haka ake yi a gidansu, ba a buɗewa sai ɗigon farko ya taɓa goshi. Da ya taɓa ta ɗage. Ruwan bai daɗe ba, ya jiƙa mu ya tsaya. Mutanen ƙauyen suka kewaye mu, muka leƙa. Ruwa ɗan kaɗan a gindin tukunya, a kansa baƙi-baƙi na yawo. Iya Habsu ta tsoma yatsa, ta shafa a bayan hannunta, ya bar zane. Wata Buzuwa ta tambaya cikin Hausarta wane ne ya yi girki a sama.

Ban yi guɗa ba, zama kawai na yi kan dutsen jiƙe. Iya Habsu ta cire ɗankwalinta ta ɗaure bakin tukunyar tam. Sannan ta ce in kunna wayata ta yi magana in naɗa. Ta riƙe ta kamar mai riƙe kunnen yaro ta ce, "Auta, ni ta, Habsu. Ni na aza tukunyag ga bisa dutse da hannuna, ni na buɗe ta. Nan babu magina, babu matoya. Ruwanmu baƙi kamar naku. Bar matan ga su yi aikinsu."

Dawowa ban ga hanya ba, idona na kan tukunya kada ta fantsama, zuciyata na kan ɗakin Inna. A bariyar Madawa jandarman nan ya gane ni, ya ce, "An samo?" Na ce an samo. Ya sara mini.

Ban shiga gida ba, kai tsaye na wuce rumfar Sarkin Noma, yana zaune da dattawa. Na gaishe su, na aje tukunyar. Ya gane ɗankwalin yayarsa, ya kwance da kansa, ya daɗe yana kallon ciki. Na kunna masa muryar. Da aka zo kan "Auta" wani dattijo ya yi tari ya juya fuska.

Can Sarkin Noma ya ce, "Mun ji. Sai an zamna da maigari bayan Juma'a."

Na dubi gabas, hadari ya fara haɗuwa. Na ce, "Baba, hadari bai san Juma'a ba. Hayaƙina shina ciki, na yarda, an gaya mini a Kaita. Naka na sharar gona ma shina ciki, da na kamiyoyin Madawa, da na mutanen da ba mu sani ba. Rad da kowa ya kashe tashi wuta, ni ma in kashe tawa. Yau dai tukwanen Inna za su ga wuta."

Na tashi ban jira amsa ba.

Ba wanda ya taya ni, ba kuma wanda ya tare ni. Mata suna leƙe ta saman danga. Na yi ta jigila daga ɗaki zuwa matoya, na shimfiɗa kara da busasshen kashin shanu da muka ɓoye a rumfa, na jera tukwane baki ƙasa. Randar ta fi ƙarfin mutum ɗaya, na kwantar da ita kan tabarma na ja, ina ja ina hutawa. Inna ta biyo ni da sanda, ta zauna bakin ramin tana cewa wannan matsa ta, waccan juya ta, alhali da ƙyar take ganinsu. Bayan la'asar na kunna. Hayaƙin ya tashi ya bi ta kan gidan Sarkin Noma, ban kuwa roƙi iska ta canja hanya ba. Hadarin ya yi ta gurnani a gabas, Allah ya riƙe shi. Har yau ba wanda ya ce an ɗage hanin nan, ni ma ban je tambaya ba.

Da safe na share toka. Na ƙasan ɗaki da laima ta taɓa sun tsage da yawa, na ware su gefe ina jin kowace a ƙirjina. Sauran na riƙa miƙa wa Inna ɗaya bayan ɗaya, tana ƙwanƙwasawa da ɗan yatsa kusa da kunnenta, mai kyau ta aje dama, mai muryar gwangwani ta aje hagu. Da muka zo kan randar ta ce in kama ta ta miƙe. Ta shafa bakin, ta shafa cikin, ta ƙwanƙwasa. Randar ta amsa da ƙara mai tsawo, tas, babu tsaga. Ta bar hannunta a kai har ƙarar ta mutu.

Ta ce, "To, Rabi. Ruwa shi zo yanzu."